Ranar da Kambai Ya Zo Neman Aurena da Bindigar Gwamnati

Masu bin labarina, sannunku da haƙuri. Na ga ƙorafin waɗanda suka ce ina ja musu rai, kullum zancen ɗinki da waƙar majami'a, na ƙi zuwa kan maganar aure. To, yau mun iso. Wanda yanzu ya shigo kuma, sunana Afiniki, 'yar Baba Obadiah, dattijon ikilisiya a wani ƙauye da ke bayan Samaru Kataf. Abin da zan ba ku ya faru ne a daminar 1973, ina budurwa, ina da keken ɗinki a wani ɗaki a gidanmu, zuciyata kuma ta riga ta tafi wajen wani dogon mutum mai suna Kambai.

Kambai ma'aikacin gandun daji ne, ofishinsu yana Kafanchan. In aladen daji ko birai suka addabi gonakin wani gari, shi ake turowa da bindigar gwamnati, ya yi 'yan kwanaki ya kore su, ya koma. Haka ya fara zuwa wajenmu. Ya kawo mini rigar kakinsa wai maɓalli ya faɗi, na ɗinke. Ya sake kawowa, na sake ɗinkewa. A karo na uku na duba zaren da kyau, sai na ga ba tsinkewa ya yi ba, reza aka sa aka yanke shi.

Ku da kuke da waya a hannu ba za ku gane daɗin wannan ba. Mu aljihun riga ne wayarmu. In ya aiko rigar ta hannun direban motar kasuwa, sai in tarar da 'yar takarda a aljihu: "Afiniki, wannan ma ya faɗi. Ban san abin da ke damun rigar nan ba." Ni kuma in mayar masa: "Reza ce ke damunta. Ka raba su." Da Hausa muke rubutawa, da ita muke hira, domin shi mutumin wajen Zonkwa ne, yarensu daban da namu.

Baba bai ƙi Kambai don halinsa ba. Bindigar ya ƙi. Yayana Dogara ya tafi yaƙin basasa yana saurayi mai surutu, wanda in yana gida ba a jin muryar kowa, ya dawo mana da muƙamin kofur da shiru. Yana gyaran kekuna a gindin mangwaron ƙofar gida, yana cin abinci, ranar Lahadi yana zuwa sujada ya zauna can baya kusa da ƙofa. Amma in murfin tukunya ya suɓuce ya faɗi, sai ka ga gumi ya karyo masa kamar wanda ya yi gudu. Tun daga nan Baba ya ce ƙarfen kisa ba zai ƙara tsallake ƙofar gidansa ba. Har bindigar farautar kakanmu ya kai wa maƙeri, aka mayar da ita fartanya.

Ga kuma Gwaggo Paulina, yayar Baba, wadda ke da nata ɗan takarar: Martins, akawu a Kafanchan, mai babur da agogon hannu. Hausar Gwaggo ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "shi" ne a bakinta.

"Wannan yarinya bai da hankali," haka take cewa a gabana, kamar ba na wurin. "Akawu yana neman shi, shi yana bin mai gadin biri."

Ban ƙi Martins ba, ku gane ni. Yaron kirki ne. Amma in ya zo hira, labarin baburinsa yake ba ni har in fara hamma.

Sau biyu Baba yana sa wa Kambai ranar zuwa gaisuwa yana ɗagawa. Na ukun ya faɗi a wata Asabar. Mama ta ja ni gefe a bayan rumbu ta ce, "Ki gaya masa kada ya kuskure wannan. In bai zo ba, Gwaggonki ta samu abin faɗa, ni kuma bakina ya mutu."

A wancan makon Kambai yana aiki a wasu ƙauyuka da ke gefenmu na rafi. Shirinsa shi ne ya koma Kafanchan ranar Juma'a, ya mayar da bindiga sito, ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya dawo da safe. Sai sama ta ɓalle. Ruwa ya kwana ya wuni, rafi ya cika ya hau kan gada, babu motar da ta shiga, babu wadda ta fita.

Asabar da safe rana ta fito kamar ba ita ta ɓuya ba. Na ɗaura sabuwar atamfata shuɗiya mai zanen ganye, da farar riga mai dogon hannu da na ɗinka wa kaina, na yi mata ƙananan tattara a wuya. An yi mini kitson zare tun Alhamis, har lokacin fatar kaina tana zafi. Mama ta tuƙa tuwon acca, ta kaɗa miyar karkashi, an yanka zakara. Ina leƙe ta katangar kara ina ce wa kaina ba zai zo ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Sai ga su. A gaba kawunsa Malam Eli, wanda ke koyarwa a makarantar garin da ke kusa da mu, da ƙunshin goro a hannu. A baya Kambai, cikin kakin aiki, taɓo har gwiwa, bindiga rataye a kafaɗa.

Baba ya tare su a ƙofa. Ya gaisa da Malam Eli da hannu biyu, sannan ya dubi kafaɗar Kambai.

"Sannu da zuwa. Amma wannan ba za ta shiga ba."

Kambai ya durƙusa. "Baba, ku gafarce ni. Na so in kai ta sito jiya, ruwa ya hana. Ofishin 'yan sanda ma yana ƙetare. Ban so in saɓa ranar da kuka sa mini ba."

"To ka jingine ta a gindin mangwaro."

"Ba zan iya ba, Baba. Da sunana aka ba ni ita. In ba a sito take ba, to a jikina take, ko inda idona ke kai."

Gwaggo ta leƙo ta bayan Baba. "To ya koma ya auri bindiga."

Malam Eli ya fara ba da haƙuri, Baba yana girgiza kai. Ni dai ina bayan katanga na cije gefen ɗankwalina. Mama ce ta samo hanya. Ɗakin da nake ɗinki yana da ƙofarsa ta waje, ta inda masu kawo ɗinki ke shiga. Ta ce wa Baba a hankali, da yarenmu, in an ajiye ta can ai ba ta tsallake ƙofar gida ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya juya ya shige ciki, mu kuma a gidanmu mun san wannan amincewa ce.

Duk wannan abin Dogara yana gindin mangwaro, ya ba mu baya, yana ba tayar keke iska. Na lura famfon ya tsaya a hannunsa. Amma hankalina yana wani wuri, ban tsaya a kai ba.

Na buɗe wa Kambai ɗakin ɗinki. Ya zazzage harsasai ya ƙirga, ya zuba a wata 'yar jakar fata ya sa a cikin riga. Ya zare ƙarfen nan da ake ja a ɗana bindiga, ya naɗe shi a hankici ya cusa a aljihun wando. Ya ce in babu shi, bindiga sanda ce kawai. Sannan ya fito da sarƙa daga jakarsa, ya zura ta ta zoben da ke kewaye da kunamar bindigar, ya zagaya ta da ƙarfen da ya gitta ƙafafun keken ɗinkina, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Ya girgiza keken, ya duba taga, ya ja sakatar katakon da kansa.

"Tun da aka ba ni ita, in ba a sito ba, ban taɓa barin ta inda ba na gani ba," in ji shi.

"Yau ka bari saboda ni."

"Ki kulle ƙofa. Makullin ya zauna a jikinki, kada ki ba kowa."

Sai a lokacin ya dube ni sosai, daga kitso har takalmi. "Wa ya ɗinka wannan rigar?"

"Wata mai gyaran maɓalli."

Ya yi murmushi, amma da muka fita sai da ya waiwayi ƙofar sau biyu. Na ɗaure makullin a bakin zanina, ina jin sanyinsa a ƙuguna.

Aka zauna a ɗakin Baba, kan kujerun katakon nan masu matashi da ake kawowa baƙi kaɗai. Aka buɗe da addu'a. Ni da Mama muna madafa, kunnuwanmu suna ɗaki. Baba ya tambayi iyayensa, ya tambayi ikilisiyarsu, ya tambayi ko yana shan giya. Kambai yana amsawa a taƙaice. Da aka kai abinci, ya ba da labarin wani babban biri da ya ƙwace masa hula ya hau bishiya ya sa a kansa, sai muka ji Baba ya yi dariya. Mama ta matse mini hannu. An daɗe ba a ji wannan dariyar a gidan ba.

Can Mama ta ce in ɗauko mayafin tire da na yi wa ado da zare, a rufa a kan kofunan kunu, dangin miji su ga aikin hannuna. Yana ɗakin ɗinki. Na zagaya da sauri, na kwance makulli, na buɗe.

Taga a buɗe take, an zura wani abu ta tsaga an ɗage sakatar. Keken ɗinkina ya karkace gefe guda. An kwance ƙarfen da ya gitta ƙafafunsa, yana yashe a ƙasa, ga notocinsa an jera su a kan tebur a tsanake. Babu bindiga, babu sarƙa. Kusa da ƙafata kuma ga sufanar kwance noti, wadda aka naɗe mariƙinta da jar robar tayar keke. Duk garin nan mutum ɗaya ke da ita.

Ban san lokacin da na taka ta ba, zanina ya rufe.

Bari in gaya muku abin da ke nufin ɓatan bindigar gwamnati a wancan lokaci. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, bindigogi suna yawo a hannun da bai kamata ba, ana fashi a hanyoyi, gwamnatin soja kuma ba ta wasa da maganar. Wanda ya ɓatar da tasa, korar aiki ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Wanda aka kama da ita kuwa ba tare da izini ba, sai dai addu'a. Na farko shi ne mutumin da nake so. Na biyu shi ne wanda ya goya ni a bayansa ya kai ni makaranta. Ina tsaye a tsakaninsu da sufana a ƙarƙashin ƙafa.

Gwaggo ce ta biyo ni jin na daɗe. Ta leƙa, ta gani, ta koma tana tafa hannu. Kafin in haɗiye yawu kowa ya taru a ƙofar ɗakin.

Kambai ya ratsa su ya shigo. Hannunsa ya fara kaiwa aljihun wando, sannan ƙirji, ya tabbatar ƙarfen da harsasan suna nan. Ya durƙusa ya dubi notocin da aka jera. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka.

"Ɓarayi ne," in ji Gwaggo. "Baƙi ne. A buga ganga a tara samari."

"Gwaggo, ɓarawo ba ya jera noti," Kambai ya ce a hankali. Ya ɗago ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba. Kallon ne kawai na mutumin da ya ba ka makulli.

Na ɗaga ƙafata.

Baba ya ga sufanar. Ya dafa bango, ya zauna a kan dokin ƙofa. Mama ta rufe baki da zani.

"Kada a tara kowa," in ji Kambai. "Kada a yi ihu. Ba za ta tashi ba, abin da ke sa ta tashi yana wurina. Afiniki, ina yake zuwa in ransa ya ɓaci?"

"Dutsen bakin rafi."

"Mu je. Mu biyu kawai, Baba, in kun yarda. In ya ga taro zai firgita."

Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

Muka ratsa ta gonakin masara, muka faɗa kunyoyin citta. Na cire takalmina na riƙe a hannu, sabuwar atamfa tana shan taɓo. Tun daga nesa muke jin rurin rafi. Ruwan ya zama ja, yana tafe da rassan itace, har da wata akuya da ta kumbura. Abin da ya faɗa cikin wannan ruwan, ya tafi ke nan.

Dogara yana zaune a kan dutsen, ƙafafunsa suna lilo a saman ruwa. Bindigar tana kwance a kan cinyarsa, sarƙa tana reto.

Na buɗe baki zan kira shi, Kambai ya taɓa mini hannu. Ya hau dutsen a hankali ta inda Dogara zai gan shi, ya zauna nesa kaɗan, ya miƙe ƙafafu shi ma. Na bi bayansa na tsuguna.

"Kofur, sannu da hutawa."

Dogara bai waiwayo ba. "Ka cire mata ƙarfe."

"Na cire."

"Shi na fara dubawa." Ya shafa gurbin ƙarfen. "Wanda ya koya maka ya iya aiki."

"Tsohon soja ne. Kullum yana cewa abu uku ba sa kwana wuri ɗaya: bindiga, ƙarfenta, da harsashi."

Dogara ya gyaɗa kai. Ya dubi ruwan. "Tun da ka iso ƙofar gida nake jin warin man bindigar nan. Har cikin haƙorana nake jin shi. Na ce bari in yi aiki, hannuna ya ƙi. Na ce bari in kawar da ita daga gidan, in jefa a nan, kowa ya huta."

"Me ya hana ka, Yaya?" na tambaya.

"Na ɗaga ta sau uku." Ya gyara mata zama a cinyarsa. "Akwai wani yaro a rukuninmu, daga wajen Kagoro. Muna ƙetare wani kogi tasa ta suɓuce. Ba da gangan ba, ruwa ne ya fi ƙarfinsa. Na ga abin da aka yi masa. Duk na ɗaga sai in ga fuskarsa a jikin wannan mutumin naki."

Ruwa yana ta wucewa.

"Ba na so ƙanwata ta riƙa kwana ɗaki ɗaya da wannan abin," Dogara ya ce. "'Ya'yanta suna rarrafe kusa da shi."

"Ba za ta kwana da shi ba, Kofur. Ni ma ba na kwana da shi. A Kafanchan akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. Can take zama. In na dawo aiki, can nake fara zuwa kafin in sha ruwa. Ɗakina babu komai sai gado da fitila da rediyon da ba ya kama tasha." Kambai ya numfasa. "Yau ni na yi kuskure. Na san abin da ke gidanku, Afiniki ta gaya mini. Da na tsaya a bakin hanya na aika a ba Baba haƙuri. Na ji tsoron a hana ni ita, sai na kawo maka wannan har ƙofa. Ka yafe mini."

Dogara ya juyo ya dube shi a karo na farko. Na ga idonsa ya cika.

"Zo ka ɗauka," ya ce. "Hannuna ya ƙi buɗewa."

Gaskiya ya faɗa. Yatsunsa sun ƙage a jikin katakon kamar an ɗaure. Kambai ya riƙe bakin bindigar ya juya shi wajen ruwa, ni kuma na durƙusa a gaban yayana ina buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ƙalau suke. Da na buɗe na ƙarshe, Kambai ya janye ta ya rataya a bayansa, ta inda Dogara ba zai gani ba. Yayana ya kifa kai a kafaɗata ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ranar da ya dawo daga yaƙi. Farar rigata ta tashi daga aiki, ban damu ba.

Da muka dawo, rana ta karkata. Kambai bai matso ƙofar gida ba, ya tsaya can bakin hanya. Mama ta rungume Dogara ta ja shi ciki. Baba ya fito da kansa ya iske Kambai a inda yake, Malam Eli da Gwaggo suna biye.

"Mun gode wa Ubangiji," in ji Malam Eli. "An samu, babu abin da ya lalace. Magana ta ƙare a nan."

"Ya ƙare," Gwaggo ta ce. "Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji." Karo na farko ke nan da na ga ta goyi bayan wani abu da zai taimaki Kambai.

Kambai ya sunkuyar da kai. "Kawu, ba ta ƙare ba. Dole in faɗa a ofis cewa ta bar hannuna."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Malam Eli.

"Duk wanda ya mayar da bindiga sito, ana tambayarsa ko ta rabu da shi. In na ce a'a yau, gobe in na ce a'a ba ta da daraja, ko a wurina."

Na ji kamar in toshe masa baki. A raina ina cewa, wannan wane irin mutum ne, Allah ya fitar da kai kana komawa da ƙafarka? Amma wani gefen zuciyata ya san da ya yi shiru, da wani abu ya ragu a yadda nake ganinsa.

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Za su iya korarka."

"Za su iya, Baba."

"Ɗana fa?"

"Zan ce ni na bar ta inda ba na gani, laifin nawa ne. In ba a tambaye ni wanda ya ɗauka ba, ba zan kawo sunansa ba. In an tambaye ni, Baba, ba zan yi ƙarya ba. Amma zan faɗi dalilinsa, in faɗi cewa da hannunsa ya mayar."

"Ba sai an tambaye ka ba." Dogara ne, ya fito ba mu ji tahowarsa ba. Ya wanke fuska. "Ni zan je in faɗa da bakina. Na san yadda ake tsayawa a gaban manya."

Mama ta fara kuka a ƙofa. Baba ya dubi ɗansa, ya dubi Kambai, ya dubi goron da har yanzu ba a buɗe ba a hannun Malam Eli. Sai ya juya wajen Mama.

"Magdalene, ki goge mini kwat ɗina. In ruwa ya janye, tare za mu tafi."

Gwaggo ta ce, "Maganar yarinya fa?"

"Malam Eli, ka bar goron a wurin uwarta." Baba ya fara tafiya, sai ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "Afiniki, ke ma ki shirya. Ki je ki ga ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe da idonki. In mutum zai zauna a gari, gara ya fara sanin hanyarsa."

Na kasa ɗaga kai. Na ji Gwaggo tana gunaguni da yarenmu cewa ko ba komai mai gadin birin yana da ƙashin baya. Kambai ya kwana gidan kawunsa, bindiga ɗaure a ƙafarsa da sarƙa. Ranar Lahadi Dogara ya mayar wa kekena ƙarfensa, ya ɗaure notocin, ya zuba mai, ya taka ya ji ƙararsa. A sujada kuma ya bar kujerar baya, ya zo ya zauna kusa da Baba.

Ranar Litinin ruwa ya sauka daga kan gada. Muka shiga motar katako mu huɗu, tsakanin buhunan citta da kwandunan kaji. Baba cikin baƙin kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata, ni cikin atamfar da na wanke sau biyu taɓon bai gama fita ba. Dogara ya zaɓi zama kusa da Kambai, bindigar tana tsaye tsakanin gwiwoyinsu. Yana gumi, amma bai matsa ba.

A Kafanchan, kafin mu sha ko ruwa, Kambai ya kai mu bayan ofishin. Ga ɗakin kamar yadda ya faɗa, ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, mutum biyu suka zo kowa da makullinsa. Aka karɓi bindiga aka duba lambarta, aka karɓi ƙarfen daban, aka ƙirga harsasai daban. Sannan tsohon da ke kula da siton ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, kamar yadda yake tambayar kowa, "Ta bar hannunka?"

"Ta bari," in ji Kambai.

Tsohon ya ɗago a hankali. Ya cire tabarau, ya dube shi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya rufe ƙofar, aka danna kwaɗon biyu, ya ce mu biyo shi.

Aka zaunar da mu a kan dogon benci a baranda, gaban wata koriyar ƙofa. Tsohon ya shiga, muna jin muryoyi ƙasa-ƙasa. Daga tasha jirgin ƙasa yana busa. Baba ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Kambai ya sa hannu a kan benci kusa da nawa, bai taɓa ni ba saboda Baba, amma ina jin ɗuminsa.

Ƙofa ta buɗe. Tsohon ya leƙo.

"Oga ya ce mai laifin ya shigo. Shi kaɗai."

Su uku suka miƙe tsaye.